Adon bango na Halowin da kuɗi kaɗan: ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yi

Maman_Ilham
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aikin kula da wata dattijuwa Ba'amurkiya a gidanta a jihar Ohayo, kwana biyar a mako, kuma shekarunta sun haura tamanin. Tun da watan Oktoba ya kama take ba ni labarin yadda ita da marigayi mijinta suke ƙawata bangon falonsu duk shekara saboda bikin Halowin na ranar 31 ga wata, da jemagu da yanar gizo da sauran abubuwan ban tsoro na wasa. Kayan nasu sun lalace shekarar da ruwa ya shiga ɗakin ajiyarsu na ƙasa, hannunta kuma yanzu rawa yake yi, ba ta iya riƙe almakashi. 'Yarta ta ba ni dala 20 ta ce in sayo abin da ya samu. Na leƙa shaguna biyu, na tarar abin rataya guda ɗaya mai ɗan kyau zai cinye fiye da rabin kuɗin, masu arahar kuma roba ce mai ƙyalli wadda ita kanta ta ce ba irin tasu ta da ba ce. Bangon fari ne, faɗinsa ya kai ƙafa goma, yana fuskantar kujerar da take wuni a kai. Don Allah wanda ya taɓa haɗa irin wannan ado da hannunsa ya koya mini yadda zan yi ba tare da na wuce kuɗin ba, kuma ba tare da na ɓata mata fenti ba.

Hajiya_Turai_Maryland
Wa alaikumus salam, Maman Ilham. Dala 20 ta ishe ki har da canji, muddin kika fahimci cewa abin da ke ba da tsoro a bango inuwa ce, ba yawan kaya ba. Ki sayi baƙin kwali mai faɗi irin wanda yara ke aikin makaranta da shi, mai inci 22 da 28, guda uku sun wadatar, kuma a shaguna irin su Dollar Tree ana samunsa. Ki yanka shi gunduwa-gunduwa, ki ninka kowace gunduwa gida biyu, ki zana rabin jemage a jikin ninkin, wato rabin kai da kunne ɗaya da fiffike ɗaya mai lanƙwasa uku a ƙasansa, sannan ki yanka. Idan kika buɗe za ki ga ɓangarorin biyu sun fito daidai da juna. Ki yi girma uku, manya masu faɗin inci tara, matsakaita masu inci shida, ƙanana masu inci huɗu, jimla kamar talatin zuwa arba'in.

Jeren shi ne inda mutane da yawa ke kuskure, domin sukan watsa su ko'ina kamar an zubar da gero. Ki fara daga kusurwar ƙasa da manyan, a cunkushe, ki riƙa hawa a karkace zuwa ɗaya kusurwar ta sama kina rage girmansu kina buɗa tazara, ta yadda ido zai ga kamar garke ne ya taso daga wuri guda yana nisa. Tsakiyar jikin kawai za ki manna, fikafikan ki ɗan lanƙwasa su su tashi daga bango. Da magariba ta yi, ki ajiye ƙaramar fitila a ƙasa tana haska sama, za ki ga kowane jemage ya haifi inuwar da ta ninka shi girma.

Binta_Manchester
Na yi irin abin da Hajiya ta bayyana a bara, kuma ya yi kyau ƙwarai. Abin da zan ƙara shi ne yanar gizo ta baƙar ledar shara. Ki yanke bakin ledar da gindinta ki fitar da murabba'i, ki ninka shi kusurwa zuwa kusurwa sau uku ko huɗu har ya zama siririn alwatika, ki zana layuka masu lanƙwasa da alli, ki cire tsakankaninsu da almakashi. Idan kika warware, yana ce cikakkiya mai faɗin ƙafa biyu ko fiye, kuma leda ɗaya tana ba da guda biyu. Ki riƙe ninkin da ɗan salatif kafin ki fara yanka, domin leda tana da santsi.

Abu_Hanifa_Kaduna
Malama, ina yaba miki da tausayin wannan tsohuwa, kuma Allah ya ba ki ladan kula da ita. Amma ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ba ta kwanta da yadda aka shiga bayanin yanka jemagu ba tare da kowa ya tsaya ya tambayi asalin bikin ba. Bikin nan ba namu ba ne, yana da tushe a cikin aƙidun da suka shafi matattu da fatalwa, kuma an yi mana gargaɗi game da kwaikwayon wasu al'ummai a bukukuwansu. Ga kuma batun surar abu mai rai a bango, wanda hadisai ingantattu suka yi magana a kansa. Ina ganin ya kamata ki nemi fatawa kafin ki ɗauki almakashi, ko kuma ki ba 'yar tata haƙuri ta zo ta yi da kanta.

Maman_Ilham
Na gode Malam, kuma ban ɗauki maganarka da wasa ba. A gidana ba ma yin wannan biki, a daren ma fitilar ƙofar gida nake kashewa, wadda a nan ita ce alamar cewa kada yara masu yawon karɓar alewa su ƙwanƙwasa. Amma wannan gidanta ne, bangonta ne, kuma aikina ya haɗa da taimaka mata a kan abin da hannunta ya gaza, kamar yadda nake rubuta mata katin gaisuwa idan ta faɗa mini abin da zan rubuta. Batun sura kuwa ya tsaya mini a rai, shi ya sa zan so in ji ko akwai adon da zai ba da wannan yanayi ba tare da an zana mai rai ba.

Malam_Sani_Dublin
Tun da an taɓo asali, bari in faɗi abin da na sani daga zama a ƙasar da bikin ya fito. Mutane da yawa a gida suna ɗauka Amurkawa ne suka ƙirƙiro shi, alhali tushensa yana nan Ailan da Sikotilan. Mutanen zamanin da suna da bikin ƙarshen kaka da shigowar hunturu mai suna Samhain, wanda ake furtawa Sawin, kuma sun yi imani cewa a wannan dare shamakin da ke tsakanin rayayyu da matattu yana yin rauni. Daga baya coci ta sanya ranar tunawa da dukkan tsarkaka a 1 ga Nuwamba, sai daren jajiberinta ya samu sunan da ya rikiɗe ya zama Halowin. Masu ƙaura daga Ailan, musamman waɗanda yunwar da ta fara a 1845 ta kora, su ne suka kai al'adar Amurka da yawa. A nan ba kabewa ake fafewa a yi mata fuska domin bikin ba a da, wani tushe ne mai kama da babban gwaza da Turawa ke nomawa, kuma a gidan tarihin rayuwar karkara da ke kusa da Castlebar akwai samfurin irinsa mai fuska mai ban tsoro ƙwarai. A Amurka ne suka tarar kabewa ta fi girma da sauƙin fafewa.

Saboda haka Malam Abu Hanifa yana da gaskiya game da tushen. Abin da zan ƙara kawai shi ne yawancin masu yinsa yau ba su riƙe wannan aƙida ba, amma wannan magana ce ta daban da hukuncin, kuma hukuncin na malamai ne.

Rakiya_Nas
Ni ta ɓangaren lafiya zan shigo, domin shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki a gidajen kula da tsofaffi. Maman Ilham, kafin ki manna komai ki tabbatar da abu uku. Na farko, idan tana da alamun ciwon mantuwa, inuwar da Hajiya Turai ta yaba za ta iya zame mata abin firgita na gaske, domin masu wannan lalura sukan rikice da yamma, su ɗauki inuwa a matsayin mutum ko dabba a cikin ɗaki. Na taɓa ganin dattijon da ya ƙi shiga ɗakin cin abinci kwana biyu saboda kwarangwal na takarda da aka rataya a ƙofa. Na biyu, kada kyandir ya shiga wannan aiki ko kusa, musamman idan tana amfani da iskar taimakon numfashi, domin takarda da leda da wuta ba sa zama wuri ɗaya. Ki nemi ƙananan fitilu masu batir, amma ki duba cewa murfin batirin da ƙusa aka ɗaure shi, saboda idan jikoki suna zuwa, ƙaramin batir mai kama da maɓalli yana da haɗari sosai ga yaron da ya haɗiye shi. Na uku, kada waya ko fitila ta zauna a hanyar da take bi da sandarta.

Maman_Ilham
Anti Rakiya, Allah ya saka da alheri. Hankalinta garas yake, ita ce ma ke tuna mini lokacin maganinta, amma idonta ya yi rauni kuma da abin dogarawa take tafiya. Zan ajiye fitilar a bayan teburin da ke jikin bangon, inda ƙafarta ba ta zuwa.

Issoufou_Lyon
'Yar'uwa, tambayarki ta biyu ita ce ta ja hankalina, domin ni ma ba na zana mai rai, kuma aikin zane nake koyarwa a lakwal. Amsar ita ce bishiya. Duk wanda ya taso a karkara wajen Maraɗi ko Damagaram ya san yadda kuka ke tsayawa da rani bayan ta zubar da ganye, rassanta kamar saiwoyi a sama, kuma ya san yadda muke sauri idan magariba ta riske mu kusa da ita saboda abin da ake faɗa mana na iskokai. Ba ki buƙatar fuska ko ido kafin ki sa mutum ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Ki haɗa kwalaye biyu baƙaƙe, ki zana gangar jiki mai kauri da rassa masu karkacewa waɗanda ke sirancewa zuwa ƙarshe, kada ki yi su daidai da juna, ki bar wani reshe a karye. A bayan rassan ki sa wata cikakke da kika yanka daga farar takarda, kina amfani da faranti wajen fitar da da'irar. Ki jiƙa takardar watan da ruwan shayi mai kauri, ki bar ta ta bushe, za ta yi ɗorawa-ɗorawa da tabo kamar watan da hazo ya rufe.

Wani abin da zai ba ki sha'awa shi ne wannan salon yanka baƙar takarda tun da can an san shi da araha. Sunan da Turawa ke kiransa da shi na wani ministan kuɗin Faransa ne, Étienne de Silhouette, wanda ya riƙe muƙamin a 1759 ya yi suna wajen tsuke bakin aljihu, sai mutane suka riƙa laƙaba sunansa ga duk abin da aka yi da araha, har da hoton inuwa da wanda ba shi da kuɗin mai zane ke yi. A nan Faransa kuwa Halowin bai yi ƙarfi kamar a Amurka ba, ranar 1 ga Nuwamba ce hutu, mutane suna kai furanni maƙabarta.

Hajiya_Turai_Maryland
Shawarar Malam Issoufou ta fi tawa dacewa da halin da kike ciki, kuma bishiyar za ta fi fitowa ga mai raunin ido fiye da ƙananan jemagu. Sai dai ki yanka siraran rassan da reza a kan katako ko kwali mai kauri, domin almakashi yana lanƙwasa su.

Ummu_Sadiq_Bronx
Ni gargaɗi zan yi game da abin mannawa, domin na ɗanɗana. Shekara uku da suka wuce yarana suka manna takardu a bangon falo da salatif mai faɗi irin na ɗaure kwali, muka bar su kusan wata guda, ranar da muka ɓanɓare sai fenti ya biyo su a wuri bakwai. Da muka tashi barin gidan, mai gidan ya cire kuɗin gyara daga ajiyar da muka ba shi tun shigarmu, kuma abin da ya cire ya ninka kuɗin adon sau da yawa. Abin da nake amfani da shi yanzu shi ne shuɗin salatif na masu fenti, wanda aka yi shi domin a cire ba tare da ɓarna ba. Ki naɗe shi zobe, gefen gam a waje, ki sa a bayan takardar. Ko shi ma kada ki bar shi ya wuce mako biyu zuwa uku, kuma idan za ki cire ki ja a hankali a karkace. Ki fara gwadawa a bayan kujera ki bar shi kwana ɗaya, saboda tsohon fenti ba shi da tabbas. Abu mai nauyi kamar firam kuwa, akwai maƙalai na Command da ake cirewa ta hanyar jan harshensu ƙasa, amma su kaɗai za su ci wani kaso na dala ashirin ɗinki.

Binta_Manchester
A nan Ingila Blu Tack muka fi amfani da shi. Yana riƙe takarda sosai, amma duk irin wannan ƙullin mannawa yakan bar ɗan tabon maiƙo a fenti marar ƙyalli idan ya daɗe, don haka gwajin da Ummu Sadiq ta ce a yi ya shafe shi shi ma.

Ɗan_Dala
Ina karanta wannan muhawara daga Kano, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda gizo ya zama abin tsoro a wurinsu. Mu a tatsuniya Gizo mai wayo ne da haɗama, mijin Ƙoƙi, yara dariya suke yi masa, ba gudunsa suke yi ba. Da ni ne zan ƙawata bango don ban tsoro, mujiya zan sa, domin ita ce tsuntsuwar da kukanta a kan gida ke tayar wa tsofaffinmu hankali, sai kuma baƙar mage da ake dangantawa da aljanu. Kuma yawon yara gida-gida da kayan ban dariya suna karɓar alewa ai tashe ne kawai aka sauya masa wata. Ban ga dalilin da zai sa mu ɗauke shi baƙon abu ba.

Malama_Hadiza_Zariya
Ɗan'uwa Ɗan Dala, kamannin na waje ne kawai. Tashe a watan azumi ake yinsa, daga goma ga wata, kuma wasa ne mai waƙa da kwaikwayo wanda yakan ɗauki wani hali na jama'a ya yi masa hannunka mai sanda, kamar wasannin da ake yi wa gwauro. Abin da ake ba yara tukuici ne bayan sun nishaɗantar, kuma babu matattu ko fatalwa a tushensa. Sannan tashe ba ya zuwa da adon gida, wanda shi ne abin da Maman Ilham ta tambaya. Idan adon bango ake nema a wurinmu, sai a dubi zanen maginan Zariya da Kano a fuskar soraye, da dagi da sauran zane-zanen da ake fitarwa tun laka tana ɗanye, ko jeren kwanuka a ɗakin amarya. Namu adon na nuna wadata da ƙwarewa ne, kuma na dindindin ne, nasu wannan na mako biyu ne a cire. Shi ya sa ma ya dace a yi shi da takarda.

Grace_Dogo_Houston
Ina gaishe ku duka. Ni Kirista ce daga kudancin Kaduna, kuma ina so Malam Abu Hanifa ya san cewa ba Musulmi kaɗai ke da damuwa da wannan biki ba. Majami'armu a nan ba ta yinsa, a madadinsa ana shirya wa yara taron kaka da wasanni da alewa a harabar coci, ba mayu ba fatalwa. Amma ni ma aikin kula da tsofaffi na yi kafin in koma makaranta, kuma na fahimci abin da dattijuwar nan ke nema. Ba tsoro take nema ba, mijinta take tunawa. Wadda ta haura tamanin yanzu ta yi ƙuruciyarta ne a lokacin da adon Halowin na takarda da kwali ne, irin wanda kamfanoni kamar Dennison na Masacusets da Beistle na Pensilbaniya suka riƙa bugawa tun farkon ƙarni na ashirin, baƙi da ruwan lemo, a rataya a cire a adana a ambulan. Shi ya sa robar shago ba ta burge ta ba. Maman Ilham, ki tambaye ta abin da suke sakawa a tsakiyar bangon da abin da mijin ke yankawa da kansa, ki ba ta fensir ta nuna miki ko da hannun yana rawa. Idan kina son launi, ki tsinto jajayen ganyen da ke zuba yanzu a unguwa, ki danne su a cikin littafi mai nauyi kwana uku, ki manna su a gindin bishiyar kamar sun zubo daga jikinta. Wannan ba ya cin ko sisi.

Abu_Hanifa_Kaduna
Na gode da bayanin Malam Sani da na Malama Grace. Game da sura, abin da na koya wurin malamanmu na Malikiyya shi ne an bambanta tsakanin mai jiki wadda ke da inuwa da zanen da ke shafe a takarda ko yadi, ta farkon ce aka tsananta a kanta, bishiya da wata da duk abin da ba shi da rai kuwa babu laifi a zana su. To sai dai dabarar Hajiya Turai ta ɗaga fikafikai domin su yi inuwa ita ce ta sa na ƙara tsayawa, kuma ban isa in yanke hukunci a kan ko takarda mai lanƙwasa ta shiga wancan babi ba. Bishiyar ta kawar da wannan matsala. Matsalar taimakawa a bikin kuwa tana nan a wurina, ban sauya ra'ayi ba, amma na yarda cewa halin ma'aikaciya a gidan wani ba ɗaya yake da na mai yi a gidansa ba, kuma malamin da ya san zaman ƙasar shi ya fi cancanta ya amsa.

Zainabu_Toronto
Ban ga wanda ya ambaci shagunan gwanjo ba. A irin su Goodwill a Amurka ko Value Village a nan Kanada, tsofaffin firam-firam na hoto suna da araha, kuma waɗanda suka fi tsufa da kwarzanewa su suka fi dacewa da wannan aiki. Ki cire gilashin ki ajiye gefe, domin nauyi ne da haɗari, ki shafa wa katakon baƙin fenti na ruwa da buroshi, kada ki yi amfani da na fesawa a cikin gidan tsohuwa saboda warinsa yana shaƙe ƙirji. A cikin firam ɗin kina iya saƙa yana da farin zaren ulu: ki ja zare shida ko takwas su gitta a wuri ɗaya da ba tsakiya ba, ki manne bakinsu a baya, sannan ki zagaya da wani zaren kina ɗaurewa a kowane layi kina buɗa da'irar. Firam ɗin da aka bari babu komai a ciki, aka rataye shi a ɗan karkace, shi ma yana da nasa kwarjinin.

Akwai kuma siririn yadin nan mai raga-raga irin wanda muke tace kamu da shi. Ki jiƙa shi a ruwan shayi, ki yayyage bakinsa, ki tsoma a sitati, ki shanya shi a kan firam ɗin. Idan ya bushe yana tsayawa kamar tsohon labulen gidan da aka daɗe da barinsa.

Rakiya_Nas
Yadin tata ya fi audugar roba da ake sayarwa a leda da sunan yanar gizo. Waccan tana kama wuta, tana maƙale wa sanda da abin dogarawa, kuma idan aka shimfiɗa ta a waje a kan shuke-shuke ƙananan tsuntsaye suna sarƙewa a ciki. Amma ko yadin ma a rataye shi sama da inda hannunta ke dafawa.

Maman_Ilham
'Yan'uwa, ga inda aka kwana. Na bi shawarar Anti Grace na tambaye ta, sai ta ce mijinta kullum wata yake fara mannawa, sannan komai ya biyo baya, kuma ta yi shiru na ɗan lokaci bayan ta faɗa. Na sayi baƙin kwali huɗu, da shuɗin salatif, da fitila mai batir, da firam biyu na gwanjo, da ƙullin farin ulu, duka suka tashi dala 16 da 'yan kai. Bishiyar Malam Issoufou ta ɗauke ni yamma biyu, kuma reshe ɗaya ya tsinke na haɗa shi ta baya. Da ta gan ta sai ta ce itacen oak ne irin na gonar iyayenta, ni kuwa kuka na zana, ban yi mata gardama ba. Ita ta riƙe farantin na zagaya watan, ita kuma ta zaɓi ganyen da za a sa a ƙasa. Jemagu ban yanka ba. Jikarta mai shekara tara ta zo ranar Asabar, na nuna mata yadda Hajiya Turai ta ce a ninka takarda, ta yanka goma sha biyu ta manna da kanta a gefen watan. Abin da ya rage mini shi ne fitilar tana haska bishiyar amma watan yana zama cikin duhu, kuma ina tunanin ko in sayi fentin nan mai haske cikin duhu da ragowar kuɗin.

Issoufou_Lyon
Kada ki saya. Wannan fenti sai ya sha haske mai ƙarfi kafin ya yi aiki, haskensa kore ne, yana dusashewa da sauri, kuma sai ɗaki ya yi duhu sosai ake ganinsa, wanda bai dace da falon mai raunin ido ba. Ki matsar da fitilar ta koma ƙarƙashin watan kai tsaye, ki ɗan janye ta daga bango kamar tafin hannu biyu, ki karkata ta sama. Farar takarda tana mayar da haske da kanta, baƙar bishiyar kuma ba ta buƙatarsa.

Ummu_Sadiq_Bronx
Ragowar kuɗin ki riƙe su zuwa 1 ga Nuwamba, ranar da shaguna ke karya farashin kayan bikin, ki sayi fitila ta biyu saboda baɗi. Kuma ki rubuta ranar da kika manna salatif ɗin a wani wuri, domin kada mako uku su wuce ba ki sani ba.

Ɗan_Dala
Malama Hadiza, na karɓi gyaranki game da tashe, ko da yake har yanzu ina ganin yaran can da na nan abu ɗaya ke fitar da su da dare. Tambayata ga Hajiya Turai ita ce yadda ake adana bishiya mai wannan girma har shekara ta zagayo, domin a nan da an ajiye kwali a ɗaki damina ɗaya, laima da gara sun gama da shi.

Hajiya_Turai_Maryland
A gidan dattijuwar ma ruwa ne ya cinye kayansu na farko, tun da a ɗakin ƙasa aka ajiye su. Maman Ilham, ki cire duk salatif ɗin daga bayan takardun kafin ki adana, domin gam ɗinsa yana narkewa ya manne su da juna. Ki raba bishiyar a inda kika haɗa kwalayen biyu, ki shimfiɗa ta tsakanin manyan kwalaye biyu na shago, ki ɗaure gefunan, ki tura ƙarƙashin gado ko bayan kabad a bene na sama. Ganyen ba sa kai shekara, sai dai a tsinto sababbi. Jemagun yarinyar kuwa ki sa su a ambulan daban, ki ba ta ta rubuta sunanta da shekarar a bayansa.